Waƙarmu tana farawa daidai, tana ƙarewa da gudu: laifin mai ganga ne?

Tambaya: Mu shida ne a ƙungiyarmu: mai ganga, mai bas, mai jita, mai kibod da mawaƙa biyu. Ni ne ɗaya daga cikin mawaƙan, kuma ni ke jagoranci. Akwai waƙar da muke farawa a kan bugu 96 a minti, amma kafin amshin ƙarshe ta kai 108, har numfashi yana gagara ta. A wajen bita da sauƙi, a kan dandamali abin ya fi muni. 'Yan ƙungiya sun ce mai gangarmu ne ba ya riƙe kiɗa. Mu canza shi, ko mu sa masa metronom, na'urar da ke bugun lokaci ba ta sauri ba ta jinkiri, a kunne?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakata da maganar sallama tukuna. Ta yiwu mai gangar naku yana da rauni, amma abin da ka kwatanta bai isa hujja ba, domin ƙungiyar da ke da gwanin mai ganga ma tana faɗawa cikin wannan. In mutum biyar suna turawa gaba, mutum ɗaya ba zai tare su ba sai dai ya rabu da su, a ji ganga daban sauran kaya daban, kuma babu makaɗin da kunnensa zai yarda da haka. Bin ku zai yi, daga baya a ce shi ne ya gudu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ka duba lissafin waƙar taku. A kan bugu 96 a minti, tsakanin bugu da bugu akwai milisakan 625, wato kashi 625 cikin dubu na sakan ɗaya. A kan 108 kuwa milisakan 556 ne. Bambancin bai kai 70 ba. Waƙar minti huɗu tana da bugu wajen 400, saboda haka in gudun a hankali yake shigowa, kowane bugu yana gaza wanda ya gabace shi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milisakan ba. Babu kunnen da ke kama wannan. Shi ya sa kowannenku zai iya rantsewa cewa shi bai yi sauri ba, kuma iya saninsa gaskiya ya faɗa.

Masu nazarin yadda ɗan Adam ke bin kiɗa sun daɗe da lura da wani abu: in aka sa mutum ya riƙa buga yatsa tare da metronom, yawanci yakan riga na'urar da ɗan kaɗan, alhali a ransa daidai yake. Ƙwararrun makaɗa tazararsu ta fi ƙanƙanta, amma ɗabi'ar tana nan. Na'ura ba ta damu da kai ba, inda take nan take. Abokin kiɗa kuwa mutum ne: ya ji ka riga shi sai ya matso, kai kuma ka sake shiga gabansa da kaɗan, ya sake matsowa. Wani bincike daga Jami'ar Tokyo da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa mutum biyu da ke buga yatsa tare, ba tare da metronom ba, sun fi ƙara sauri a kan yadda kowannensu ke yi in shi kaɗai ne. Wato sauraron juna, wanda shi ne abin da ake yabon ƙungiya a kansa, shi ne kuma hanyar da gudu ke bi ya shigo. Maganin shi ne kowane mutum cikin shidan nan ya zama yana da bugunsa a jikinsa, ba wanda yake aro daga maƙwabcinsa ba.

Kafin ku gyara komai, ku auna. Ku ajiye waya a tsakiyar ɗaki ku naɗi bita daga farko zuwa ƙarshe, ku kuma naɗi wasanku na gaba a gaban jama'a. Akwai manhajojin waya da ke sauraron kiɗa su zana yadda saurinsa ke hawa da sauka, amma agogon waya ma ya isa. Ka ƙirga bugu 32, wato gaɓa takwas in waƙar mai bugu huɗu-huɗu ce, ka ga sakan nawa suka ci, ka raba 1920 da wannan adadi. In sun ci sakan 20, kuna kan 96. In sun ci 17.8, kun kai 108. Ka yi haka a farkon waƙa, a baiti na farko, a amshi, a baiti na biyu, a wurin da jita ke fita ita kaɗai, da amshin ƙarshe, ka rubuta lambobin a jere.

Ɗayan biyu za ka gani. Ko dai lambobin suna hawa sannu a hankali ko'ina, 96, 98, 100, 103, wanda shi ne turereniyar da na bayyana, ko kuma suna tsayawa cak sannan su yi tsalle a wasu wurare. Na biyun ya fi yawa, ya kuma fi sauƙin magani, domin wuraren tsallen sanannu ne. Rol, wato jerin bugu masu sauri da mai ganga ke yi a ƙarshen baiti don shigar da amshi, shi ne na farko: hannu yana ɗokin isa bugun farko na amshin, sai ya iso da wuri, ƙungiya duka ta faɗa tare da shi. Sai wurin da sauti ke ƙaruwa, domin jiki yana haɗa ƙarfi da sauri, yana kuma haɗa laushi da jan ƙafa, shi ya sa baitin da aka sassauta yakan nutse. Sai tsayawa, inda kowa zai yi shiru na bugu huɗu a dawo tare. Shiru yana tsorata makaɗa, kusan kullum sai an gutsure masa wani abu. Dogon sautin da mawaƙi ko mai kibod zai riƙe na gaɓa biyu shi ma haka ne, ana sakinsa kafin lokacinsa. Akwai kuma waƙar da mai jita ke buɗewa shi kaɗai: yakan fara a wani sauri, ganga ta shigo a wani, a yi ta jan zare har amshi.

A nan zan faɗa maka abin da watakila ba za ka so ba. Mawaƙi na cikin waɗanda suka fi tura ƙungiya gaba, kuma shi ne aka fi jin nauyin faɗa wa, balle in shi ne shugaba. Murya ita ce sautin da ya fi fitowa a kowace monita, wato sifikar da makaɗa ke jin kansu da ita a dandamali. In numfashi ya fara ƙare maka kana gaggawar kai ƙarshen layi, kana shiga layi na gaba kafin bugunsa, kowa zai bi ka. Daga nan sauri ya ƙaru, numfashi ya ƙara ƙarewa, ka ƙara gaggawa. Ka saurari naɗin da kunnen baƙo, ka ga wa ke fara isa bugun farko na amshi.

Gwajin da ke raba gardama ba shi da wuya. Ku zaunar da mai ganga, ku biyar ku buga waƙar ba shi, ku naɗa, ku auna. Sannan shi ma ya buga ta shi kaɗai yana rera ta a zuci, a auna. In ku biyar kun tashi daga 96 kun sauka a 106 ba tare da shi ba, magana ta ƙare. Wannan gwaji kuma atisaye ne mai kyau a karan kansa, ya kamata ya zauna cikin bitarku. A ƙungiyar jaz ta Count Basie a Amurka, mutumin da makaɗan suka fi jingina da shi wajen riƙe lokaci mai jita ne, Freddie Green, wanda ya yi kusan shekara 50 a cikinta daga 1937, aikinsa bugu huɗu a kowace gaɓa, kusan ba ya fita shi kaɗai. A ƙungiya irin taku mai bas ne ke da wannan matsayi. In shi da mai ganga suka kulle, sauran huɗun sai sun yi da gaske kafin su ja su. Yana da kyau su biyun su riƙa haɗuwa su kaɗai, ko na rabin awa ne kafin sauran su iso.

Yanzu metronom. Tsohuwar na'ura ce, tun 1815 Johann Maelzel ya yi rajistarta da sunansa, a kan ƙirar da Dietrich Winkel ya yi a Amsterdam, kuma yau kowace waya tana iya zama ita. Amfaninta a bita ba a musunsa, amma yadda yawancin mutane ke amfani da ita ba ya gina komai. In ka kunna ta tana buga kowane bugu, kai kuma kana bi, abin da kake koya shi ne bi. Ranar da aka kashe ta sai ka koma inda kake. Abin da ke gina lokaci a jiki shi ne rage mata aiki sannu a hankali. In kun saba da ita a 96, ku mai da ita 48 ta riƙa faɗowa a bugu na ɗaya da na uku. Sannan ku juya tunaninku ku ɗauke ta a matsayin na biyu da na huɗu, wanda ya fi wuya, ya kuma fi amfani, domin yanzu bugun farko ku ne ke samar da shi. Daga nan 24, sau ɗaya a kowace gaɓa. Yawancin manhajojin metronom suna da tsarin da na'urar za ta buga gaɓa huɗu ta yi shiru gaɓa huɗu ta dawo. Lokacin da ta dawo za ka san ko waye kai: in ka riga ta, mai gudu ne, in ta riga ka, mai jan ƙafa ne. Kowa cikin ku shida ya yi wannan a gida, minti goma a rana, har da mawaƙa, da tafi da rera layukansu. Ya fi awa biyu sau ɗaya a mako nesa ba kusa ba.

Alamar cewa ka hau daidai kan kilik, wato sautin bugun metronom, ita ce ka daina jin sa, bugunka ya rufe shi. Masu koyo sukan firgita a nan su ɗauka ya ɓace, su kauce don su ji shi. In kuma ka kauce, kada ka yi tsalle ka koma. Ka ja kanka a hankali cikin gaɓa ɗaya ko biyu, domin tsallen gyara ya fi kuskuren kansa fitowa a kunnen mai sauraro.

Wuraren da kuka gano a naɗi, kada ku riƙa maimaita waƙa duka saboda su. Ku yanko gaɓa huɗu kafin wurin da gaɓa huɗu bayansa, ku yi ta juya su tare da kilik, sannan ba kilik, sannan ku auna. A wurin shiru kowa ya ci gaba da ƙirga da jikinsa, ko ƙafa ko kai, mai ganga kuma ya bar ƙafarsa ta hagu tana taka hai-hat, farantan ƙarfe biyun nan da ake haɗawa da ƙafa, a hankali yadda za ku gani ko ku ji. A waƙoƙin sanyi, masu bugu 60 zuwa 70, tazarar da ke tsakanin bugu ta kai kusan sakan guda, fili ne babba da mutum zai ɓata a ciki. Ku cika shi a zuci, ku riƙa ƙirga rabin bugu ko rubu'insa. Jikin ɗan Adam ya fi sakewa a wajejen bugu 100 zuwa 120 a minti, kusa da saurin tafiyar ƙafa, shi ya sa waƙar sanyi ke son hawa, mai zafi sosai kuma ke son sauka in hannu ya gaji.

Wannan ya kawo wata tambaya da ya kamata ku yi wa kanku. In awonku ya nuna kullum kuna tashi daga 96 ku je 102 ku zauna a nan daram har ƙarshe, to ta yiwu 102 ne gidan waƙar, 96 ɗin lamba ce kawai da wani ya zaɓa ranar da aka tsara ta. Ku gwada fara ta a 102. In kalmomin amshi suna fita ba tare da cin juna ba, ku bar ta a nan. Ma'aunin shi ne layin da ya fi cunkoson kalmomi a waƙar. Amma tunda ka ce numfashi na gagarar ka a 108, wannan ya wuce gidanta.

Dalilin da dandamali ya fi muni kashi biyu ne, jiki da wuri. Na jiki ka san shi: zuciya tana bugawa da sauri, jini ya ɗau zafi, saurin da ya yi daidai jiya a ɗakin bita yau sai ka ji kamar ana jan ƙafa. Saboda haka yawancin waƙoƙin da suka lalace a gaban jama'a tun daga ƙirgar farko suka lalace. Ku rubuta saurin kowace waƙa a gefen sunanta a jerin waƙoƙin ranar. Mai ganga ya ajiye waya ko metronom mai walƙiya kusa da shi, ya duba, ya rera amshin a zuci na gaɓa biyu, sannan ya ƙirga da sanduna. Sakan biyar ne. Kai kuma in kana magana da jama'a tsakanin waƙoƙi, ka ba shi waɗannan sakan biyar ɗin, kada ka juyo ka ɗaga hannu a ce a fara yanzu-yanzu. Mutum ɗaya ne ke ƙirgawa, kuma in ya ƙirga, abin da ya ƙirga shi ne doka ko da kana ganin ya yi sanyi.

Na wuri kuwa lissafi ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, wato kusan milisakan 3 a kowace mita. A ɗakin bita kuna kusa da juna. A babban dandamali, in mai kibod yana nesa da ganga da mita 10, bugun yana isa gare shi bayan milisakan 29, nasa sautin kuma ya ɗauki wasu 29 kafin ya komo wa mai ganga. Kowa yana jin ɗan'uwansa a makare. In zauren yana da bango a nesa da mita 30, amon gangar zai dawo bayan milisakan 175, fiye da rubu'in bugu a saurin waƙarku, ya zama kamar wani mai ganga na biyu da ke bin ku a baya. Chris Chafe da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun gwada wannan a 2004: suka raba mutum biyu a ɗakuna daban suna tafi tare ta hedifon, suna saka jinkiri a tsakaninsu. In jinkirin bai kai kimanin milisakan 11 ba sai masu tafin su ƙara sauri, in ya wuce haka sai su yi ta raguwa. Ma'ana tsayuwarku a dandamali kaɗai tana iya sauya halin ƙungiya.

Abin yi a nan a bayyane yake. Ku matso kusa da juna ko da dandamalin ya kai filin ƙwallo, mai bas ya tsaya gefen hai-hat inda zai ga hannu da ƙafar mai ganga. Lokacin gwajin sauti, kowa ya roƙi injiniya ya sa masa gangar ƙafa da hai-hat da bas a monitarsa kafin ya roƙi ƙarin sautin kansa. Abin da na fi gani shi ne akasin haka, kowa na cewa a ƙara masa nasa har ya daina jin kowa. Kada ku ɗauki lokaci daga manyan sifikun da ke fuskantar jama'a, kada kuma ku ɗauka daga tafin jama'a. Tafin taro yana isowa a makare saboda nisa, kuma taro in ya haɗu a kan tafi shi ma gudu yake yi.

Sai maganar sa kilik a kunne a gaban jama'a. In kuna amfani da sautin da aka naɗa tun farko, ko bidiyo da fitilun da aka ɗaura a kan waƙa, ba ku da zaɓi, dole ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa kilik a ɓangaren hagu na naɗin, sautin a ɓangaren dama, hagu ya tafi kunnen mai ganga, dama ya tafi miksa, na'urar haɗa sauti. A yi da iyafis mai igiya. Na Bluetooth yana da jinkirin da yakan wuce milisakan 100, kilik zai iso bayan sautin da jama'a ke ji, ga shi yana iya yankewa a tsakiyar waƙa. Haka in kibod ɗinku ne ke fitar da wani kiɗan ganga na cikinsa, wannan ya zama metronom ɗinku, dole kowa ya ji shi sosai.

In ba ku da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ra'ayina shi ne kada ku yi gaggawar sa masa. Mai gangar da bai saba ba, aka ɗora masa kilik a kunne ɗaya, ƙungiya mai gudu a ɗaya kunnen, an sa shi tsakanin shugabanni biyu. Ko ya bi na'ura ya rabu da ku, ko ya bi ku ya rabu da na'ura, kuma duk wanda ya zaɓa kiɗan zai sandare. In za a yi, a yi wata biyu ko uku ana bita da shi, kuma ku biyar ɗin ku yarda tun yanzu cewa in kuka ji ganga ta yi nauyi, ku ne kuka yi gaba. Matsakaiciyar hanya ita ce metronom mai walƙiya ko manhajar da ke nuna saurin da ake kai, yana kallo jefi-jefi. Hawan bugu 2 ko 3 a amshi ba laifi ba ne, sau da yawa shi ke sa waƙa ta yi rai, har masu aiki da kilik sukan tsara shi da gangan. Abin da ake gudu shi ne hawan da ba ya saukowa in an koma baiti.

In kuna tsakiyar wasa kuka ji ta tsere, kada mai ganga ya taka birki lokaci guda. Ya rage ado, ya bar rolin, ya fito da bugun hai-hat sarai, mai bas ya tsawaita sautinsa ya zauna a bayan bugu kaɗan, a sauko cikin gaɓa huɗu zuwa takwas. Wurin da ya fi dacewa shi ne shigar sabon baiti, inda sauti ke raguwa dama. Ku tsayar da alamar hannu guda ɗaya da kowa ya sani, wadda jama'a ba za su gane ba. Harara da juyowa ana girgiza kai ba alama ba ce, tsoro kawai take ƙara wa mutum, mai tsoro kuma sauri yake yi.

Game da mai gangar naku, ku ba shi gwajin metronom mai shiru, ku ba kowa irinsa a rana ɗaya don kada ya zama shari'ar mutum guda. In ya fi ku kaucewa, ku ba shi wata biyu ko uku na atisayen da na faɗa, ku sake aunawa da naɗi. Wanda yake yi lambobinsa za su nuna. Wanda za a yi tunanin rabuwa da shi shi ne wanda aka kunna masa naɗi, aka nuna masa inda rolinsa ya ci rabin bugu, ya ce shi bai ji komai ba kuma ba ya bukatar na'ura. Wannan hukuncin ya shafi mai jita da mai kibod da mawaƙa daidai yadda ya shafe shi.